Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Babban Bankin Nijeriya A Kan Kulle Wa Talaka Asusunsa

Daga Dingyaɗi, ƙasar Boɗinga, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Olayemi Cardoso, Abuja.

 

Ranka shi daɗe, tun da al'ada ce ta magabata, idan wani lamari ya addabi talakawa har ya hana su barci, alhali kuwa wanda mabuɗin lamarin ke hannunsa yana nesa, ba a iya riskarsa a zaure balle a faɗi a gabansa a kai kuka, sai ɗaya daga cikin masu riƙon alƙalami ya rubuta takarda a madadin jama'a, to, a kan wannan al'ada na dogara na rubuto maka, kasancewata ɗaya daga cikin waɗanda maƙwabta ke miƙo wa waya su ce a karanta musu abin da banki ya aiko. Lamarin kuwa shi ne kulle asusun ajiya, wato mutum ya ɗauki dukiyarsa ta halal ya kai banki da hannunsa, bisa kiran hukuma da kwaɗaitarwarta, sa'an nan ya wayi gari an hana shi taɓa ko kwabo daga cikinta, ba a faɗakar da shi kafin a yi ba, ba a gaya masa dalili bayan an yi ba, ba a kuma yanka masa ranar da za a sakar masa ba.

Tun da farko ina so a shaida cewa ban zo jayayya da ikon hukuma na bin diddigin kuɗi ba. Mu da ke zaune a Jihar Sakkwato a wannan zamani, muna jin abin da ke samun 'yan'uwanmu na Isa da Sabon Birni da sauran garuruwan gabas, muna kuma ganin waɗanda suka baro gidajensu suna raɓe a gefen birni, ba mu bukatar wani ya karantar da mu cewa kuɗin fansa da kuɗin damfara suna bi ta cikin bankuna, kuma tare su kafin su ɓace maslaha ce babba wadda shari'a da hankali duka suka yarda da ita. Wanda aka yaudara ta waya aka kwashe masa abin da ya tara, ba abin da yake roƙo sai a gaggauta kulle asusun da kuɗinsa suka faɗa. Kukanmu a kan kaifiyyar zartar da ikon yake, da kuma wanda nauyinsa ke faɗa wa a ƙarshe, domin abin da idanunmu ke gani a nan shi ne, ɓarawo, da yake ya san hanya, yakan kwashe ya gudu tun kafin a farga, mai gaskiya kuwa, da yake bai san ana nemansa da komai ba, shi ake tararwa da 'yan kuɗinsa a ciki a rufe.

Ga yadda abin ke zo wa mutum. Manomi zai je wurin mai POS ranar kasuwa domin ya ciri kuɗin taki ko na magani, a zura katin, a danna, a jira, a sake dannawa, 'yar takarda ta fito, yaron ya dube ta ya ce, "Baba, wagga ba matsalar sabis ba ta, an ruhe maka akawun, sai ka tahi banki." Dattijo ya tsaya cikin mutane kunya ta lulluɓe shi, domin a wurinmu wanda aka hana wa kuɗinsa a bainar jama'a, zukata sukan fara tambayar ko me ya aikata. Banki kuwa ba a ƙofar gida yake ba. Yawancin rassan bankuna a cikin birnin Sakkwato suke, kuɗin mota kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama abin da sai an yi shawara kafin a kashe. Ya yi sammako, ya bi layi, in ya yi sa'a ya kai ga tebur kafin azahar, a duba kwamfuta a ce masa umarni ne daga hedkwata, ya tafi ya dawo wani mako. Ba a ba shi ko guntuwar takarda da zai nuna wa wani mai karatu a gida ba, sai ya komo da abin da kunnensa ya iya riƙewa na kalmomin Turanci, rabinsu ma sun zube a hanya.

Da na bi asalin waɗannan umarni, sai na ga ta ƙofofi uku suke fitowa. Ta farko ƙofar kotu ce, ita ce kuma aka fi ji a rediyo. A watan Nuwamba na 2020 Babban Banki ya nemi Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta kulle asusu 20 na waɗanda aka danganta da zanga-zangar EndSARS, kotu ta ba da kwana 90, ba a buɗe su ba sai a watan Fabrairu na 2021. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar EFCC ta samu umarnin kotu na kulle asusu 1,146 na tsawon kwana 90, bisa zargin cinikin kuɗin ƙasashen waje ba bisa ƙa'ida ba da halatta kuɗin haram. Ko me mutum zai ce game da waɗannan, akwai alƙali a ciki, akwai adadin kwanaki, akwai lauyoyi da jaridu da suka tsaya a kai. Dokar ƙasa ma, in aka karanta ta, ba ta bar abin sakaka ba: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 awa 72 kacal ta ba masu bincike su tsayar da asusu da ikon kansu, in suna son ƙari sai sun je gaban alƙali, sashe na 34 na dokar EFCC ta 2004 ya sharɗanta umarnin kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma, a shari'ar bankin GTB da Adedamola wadda aka buga a rahotannin shari'a na 2019, ta yanke cewa wajibi ne banki ya tabbata akwai umarnin kotu kafin ya kulle wa mai ajiya asusunsa saboda wasiƙar hukumar bincike. Doka ce mai kyau, sai dai tana amfanar wanda ya san da ita, kuma manajan banki, in aka sa shi tsakanin wasiƙa mai tambarin hukuma da koken manomin Dingyaɗi, kowa ya san wanda zai fi tsoro.

Ƙofa ta biyu ta takardun shaida ce, kuma a iya ganina ta nan mutanenmu suka fi faɗawa, shi ya sa zan daɗe a kanta. An ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairu na 2014, wa'adin rajista ya ƙare a ƙarshen Oktoba na 2015, waɗanda ba su yi ba aka hana su taɓa ajiyarsu. Sa'an nan a zamaninka, ranar 1 ga Disamba 2023, Babban Banki ya fitar da sanarwa cewa daga 1 ga Maris 2024 duk asusun da ba a haɗa shi da BVN ko NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, ba, ba shiga ba fita. Manufar a bayyane take, a san kowane asusu da mai shi, kuma ba ni da ta cewa a kanta. Amma waɗanda suka tsara abin sun ɗauka cewa kowane ɗan ƙasa yana da suna ɗaya mai rubutu ɗaya, da ranar haihuwa rubutacciya, da lambar wayar da ba ta canjawa, da yatsu masu zane. A cikin huɗun nan kuwa babu ko ɗaya da za a iya lamunce wa talakan ƙasar Hausa.

A ɗauki suna. Bahaushe yana da sunan yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, yana da laƙabin da gida ke kiransa da shi, domin alkunya ta hana uwa ambaton sunan ɗan fari, ta hana matar ɗa ambaton sunan surukinta. Yana da sunan uba. In ya shiga makarantar boko kuma sau da yawa sunan garinsu ake liƙa masa. Ta haka aka samu Shehu Shagari, da Sani Dingyaɗi Makaman Sakkwato, Sardauna kansa da sunan Ahmadu Raba aka san shi a makaranta. Muhammadu guda shi ne Mamman, shi ne Muhammad, shi ne Mohammed, gwargwadon yadda hannun magatakarda ya saba. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu. A'ishatu ita ce Indo, ita ce A'i. Babu mai shakkar mutumin a garinsu, liman ya san shi, mai unguwa ya san kakansa, amma na'ura ta ga harafi ɗaya ya saɓa sai ta yanke cewa mutum biyu ne. Ranar haihuwa kuwa, wanda abin da ya sani shi ne an haife shi da kaka a shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar babban fari, magatakardan banki ya dube shi ya kintata shekara ya rubuta 1 ga Janairu, magatakardan katin ɗan ƙasa ya dube shi bayan wasu shekaru ya kintata wata daban, yau kuma shi ake tuhuma da saɓanin da alƙaluman wasu suka haifar. Hannun da ya tsufa yana riƙe da fartanya da galma, da na macen da ta ƙare rayuwarta a daka da wanki, zanen yatsunsu ya shafe, a dangwala sau nawa na'ura ba ta karɓa. Layin waya kuma, da yawa sun buɗe asusu da lambar ɗa ko ta ƙane, wasu an rufe musu layi a aikin haɗa layuka da NIN da aka soma a watan Disamba na 2020, sai ya zama lambar sirrin da banki ke turowa tana zuwa inda ba su iya ganinta.

Idan mutum ya ce zai gyara, sai a ce ya kawo takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwar canjin suna a jarida, da takardar hukumar ƙidaya in shekaru ne suka saɓa, ya biya hukumar katin ɗan ƙasa kuɗinta, a tura shi ya cike ta intanet alhali ko karatun boko bai yi ba. Banki ya aika shi can, can a maido shi nan, kowane taki da kuɗin mota da kuɗin takarda da ladan mai kwamfuta, kuɗin da zai biya duk wannan kuwa suna cikin asusun da aka kulle.

Na ga wannan da idona a kan wata dattijuwa maƙwabciyarmu wadda mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki marayu, ɗanta da ke ci-rani a Kudu shi ke turo mata abin cefane. A banki an rubuta ta da sunan mijinta, a katin ɗan ƙasa kuma da sunan mahaifinta, wanda shi ne ma daidai a addini, tun da mace ba ta barin nasabarta saboda aure. Ta zo zaurena da takardunta ƙulle a cikin leda a bakin zane, ta kwance, ta jera su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, katin zaɓe, da katin banki, da 'yar takardar NIN wadda ta fara yagewa a wurin ninki, ta ce, "Malam, duba mani, cikinsu wace ce ba ni ba?" Wallahi ban sami abin da zan ce mata ba. Damina guda ta ƙare tana cin bashin awo, akuyar da take kiwo don layya ta tafi a kan farashin tilas, kuɗinta kuwa suna nan a rubuce da sunanta, ba wanda ya ce na haram ne, ba wanda ya yi da'awar ko kwabo a cikinsu.

Ƙofa ta uku ta zato ce, ita kuma 'yan kasuwa da masu POS ta fi ci. Mai albasa ko mai hatsi ya loda wa baƙo kaya, baƙon ya biya da taransfa kamar yadda hukuma ke so, aka rabu lafiya. Bayan kwanaki wani a Legas ko Fatakwal ya kai ƙara cewa an damfare shi, aka bi sawun kuɗin daga asusu zuwa asusu, duk inda suka ratsa a sa kwaɗo. A ce, misali, naira dubu 50 ake nema, a cikin asusun kuwa akwai miliyan 2, jarin mutum ne da na waɗanda suka ba shi amanar kayansu, sai a kulle duka. Na san Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma kuɗi ba gari ba ne, ƙirga su ake yi, an san nawa suka shigo da ranar da suka shigo da inda suka fito, kuma banki ya fi kowa sanin haka. Mai albasa ba shi da hanyar sanin tarihin kuɗin da aka biya shi. Wanda ke da wannan hanya shi ne bankin da ya buɗe wa macucin asusu tun farko.

Ranka shi daɗe, ina rubuta wannan takarda daga ƙasar da ba baƙuwa ba ce ga bahasin hukunci a kan dukiya. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 zuwa 1815, tana cikin ƙaramar hukumarmu. Ƙanensa Malam Abdullahi, mawallafin Liya'ul Hukkami, a Boɗinga ya zauna a wancan zamani. Kuma daga cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan da ya tarar da su a Kitabul Farƙi akwai cin dukiyar talakawa ba da haƙƙin shari'a ba. Ban kawo wannan don in kwatanta ka da su ba, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne domin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya san hana mutum tasarrufi a dukiyarsa, yana da babi sukutum a kai, babin hajaru, kuma da yake malamai sun san cewa dukiya tana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, sun kewaye wannan babi da sharuɗɗa masu tsanani. Ba a yi wa baligi mai hankali hajaru saboda bashi sai da hukuncin alƙali da sababi sananne. Alƙali ba ya zartar da hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma har yau kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a suna rushe hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba. Wanda ya nemi lokaci don ya kawo shaida, ajali ake yanka masa, sananne, mai farko da ƙarshe, kamar yadda duk wanda ya karanta littafin Tuhfa ya sani. Abin da ya fi taɓa zuciyata kuwa shi ne, hatta muflisi, wanda bashi ya cinye dukiyarsa aka tabbatar, aka tara masu binsa za a raba musu abin da ya mallaka, ba a barinsa hannu wofi. Ana bar masa abincinsa da nafaƙar waɗanda ciyar da su ke wuyansa da tufafin da za su sa. Wannan fa wanda haƙƙi ya tabbata a kansa ke nan. To, ina ga wadda laifinta bai wuce saɓanin suna ba?

Malaman zamani sun yi saɓani a kan kuɗin da ke banki, ko wadi'a ne ko bashi ne a kan bankin, amma ko wanne aka ɗauka hukuncin bai sauya wa mai kuɗin ba, domin amana wajibi ne a mayar wa mai ita idan ya nema, mawadaci kuma da ya jinkirta biyan bashi alhali yana da iko, addini zalunci ya kira aikinsa. Na san ba da littafin fiƙihu na Muhtasar ake tafiyar da Babban Banki ba. Amma tsarin mulkin 1999, wanda shi ne ya haɗa ni da kai, a sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, a sashe na 44 ya tsare masa dukiyarsa, don haka abin da nake roƙo, littattafanmu da naku sun haɗu a kansa.

Bari in gaya maka yadda mutane ke jurewa, domin a nan ɓarnar da ba a gani daga Abuja take. Na farko bashi, daga mai shago zuwa suruki, har mutunci ya fara zubewa. Sai sayar da dabba ko hatsi ba a lokacinsa ba. Sai aron asusun wani, ɗa ya riƙa turo wa uwarsa kuɗi ta hannun mai shago ko wani yaron unguwa, wanda shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro BVN don a hana, kuma ta nan rigingimun amana ke shiga tsakanin dangi. Sai dillalan da ke cewa suna da hannu a ciki, a ba su wani abu su buɗe. Mafi muni kuwa, shirun bankuna ya zama jarin 'yan damfara: tun da jama'a sun saba cewa ana iya kulle asusu ba sanarwa, duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, an rufe BVN ɗinka, karanto lambobin katinka in buɗe maka, sai a gaskata shi, domin abin da ya faɗa ya yi kama da abin da ya samu maƙwabci jiya. Daga ƙarshe mutum ya yanke cewa in Allah ya fid da shi ba shi ba banki, ya mai da kuɗinsa tumaki, ko ya tusa su ƙarƙashin katifa, a ƙasar da 'yan bindiga ke tambayar wane ne mai kuɗi a gari.

Kada a manta kuma mutanen nan ba su gama warkewa daga canjin kuɗi ba. An sanar a watan Oktoba na 2022, aka yanka 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Talakawa suka kwashi abin da suka ɓoye suka kai banki bisa biyayya, sa'an nan suka koma suna sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. Waɗanda ke da ajiya a bankin Heritage kuma sun ga nasu ranar 3 ga Yuni 2024 da aka soke lasisinsa. Babban Banki ya sa wa kansa burin shigar da kashi 95 cikin 100 na manyan 'yan ƙasa harkar kuɗi ta zamani kafin ƙarshen 2024, alhali binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na mutanen Arewa maso Yamma suna waje, ƙasa baki ɗaya kuwa kashi 26. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma a 2022 ta sa Sakkwato a kan gaba a talauci, kimanin kashi 91 cikin 100. A irin wannan wuri, asusu ɗaya da aka kulle ba dalili, labarinsa yakan kewaye unguwa kafin magariba, ya rushe abin da tallan rediyo na shekara ya gina.

Abin da nake roƙo, ranka shi daɗe, duk yana cikin ikon alƙalaminka, ba ya bukatar majalisa. Ka wajabta wa kowane banki, duk wanda ya kulle wa asusu, ya ba shi takarda a hannu mai ɗauke da wanda ya ba da umarnin da ranar da zai ƙare da abin da ake so ya kawo, in umarnin kotu ne a ba shi kwafi, a rubuta da Hausa ga wanda Hausa yake ji, a kuma kira shi a waya a gaya masa da baki, tun da da yawa ba su karatu. Na yarda akwai binciken da bayyana sirrinsa zai ɓata shi, amma saɓanin suna ba sirri ba ne, kuma a kansa babu hujjar kullewa kafin a yi gargaɗi a ba da wa'adi. Inda ake jayayya a kan wani adadi, a riƙe wannan adadin a saki saura. Inda kuma ba makawa sai an riƙe duka, a bar wa mai ƙaramin asusu abin da zai ci da iyalinsa kowane mako, gwargwadon yadda masananka za su ƙaddara. Kowane kulle ya zama yana da ajali, in ajalin ya cika ba a kawo umarnin alƙali ba ya buɗe da kansa, bankin da ya wuce haddi kuma ya biya mai asusun diyya, kada tarar ta tsaya a baitulmalin gwamnati alhali wanda aka cuta yana gida da yunwa.

A kan sunaye kuwa, ina ganin magani yana kusa. Muna da hakimai da dagatai da limamai da suka san kowa da asalinsa. A karɓi shaidarsu a rubuce cewa Mamman wane shi ne Muhammadu wane, a ɗora musu alhakin abin da suka sa wa hannu. A haɗa ma'aikatan banki da na hukumar katin ɗan ƙasa a tebur guda, su riƙa zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, Boɗinga da Shagari da Yabo da Tureta da sauransu, a ranakun da aka sanar, a gama gyara a zama ɗaya. Ba sabon abu ba ne, domin a watan Janairu na 2023 Babban Banki ya aika wakilai ƙauyuka suna musanya tsofaffin kuɗi da sababbi. Ƙafar da ta iya zuwa karɓa za ta iya zuwa warwarewa. Reshenku na Sakkwato kuma ya keɓe tebur inda talaka zai faɗi kokensa da baki a rubuta masa, domin ƙa'idar da ta ce a aika wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna wasiƙa ta intanet, ga dattijuwar da na ambata daidai take da babu. Ina kuma roƙon a riƙa bayyana wa jama'a, jiha jiha, adadin asusun da ke kulle da dalilansu da tsawon zamansu a haka, domin abin da ba a ƙirga ba, ba mai jin nauyinsa.

Da yake wasiƙar buɗaɗɗiya ce, 'yan'uwana na Dingyaɗi da kewaye za su ji ta, ka yi mini izini in faɗa musu kalma biyu. Wanda abin ya samu, kada ya ba kowa lambar katinsa ko lambar sirri a waya, ko da mai kiran ya ambaci sunan kakansa. Ya je reshen bankin da kansa tare da wani mai karatu, ya rubuta kokensa, a buga masa hatimi a kan kwafi, ya karɓi lambar ƙorafi, ya tambaya a fili ko akwai umarnin kotu. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, ƙa'idar Babban Banki ta ba shi damar ɗaukaka koken zuwa gare su. Akwai kuma Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ga marasa hali. Ɗan kasuwa ya riƙa rubuta sunan wanda ya saya da lambar wayarsa da abin da ya saya, ko da da ajami ne, domin ranar tuhuma wannan littafin shi ne shaidarsa. Masu hali kuma su tuna cewa rance ga wanda aka kulle wa dukiya yana cikin mafi girman taimako.

In Allah ya sa wannan takarda ta iso gabanka har ka ga dacewar amsawa, ina roƙon amsar ta biyo ta Rediyon Rima da harshen Hausa, domin waɗanda na rubuta a madadinsu ba su karanta jarida.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta na gari. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malami daga Dingyaɗi.